Ingilishin Surukina

Ni malamin Ingilishi ne, ko in ce an yi shekara da shekaru ana kirana haka a Birnin Konni. A shekarar 1984 aka turo ni wata kwalej a garin, da takardar shaida daga Yamai, da taguwa mai guga, da girman kan da ya fi ƙarfin wuyana. Sunana Lurwanu. Sunan surukina kuwa, ku yi mini haƙuri tukuna. Bakina bai saba da shi ba, kuma saboda sunan nan ne na zauna wannan rubutu.

Ingilishin da na zo da shi na littafi ne, wanda aka ɗura mana ta bakin Faransanci. Da wani gari aka kai ni can cikin ƙasa, da ya ishe ni har in yi kyauta. Amma Konni? Ina! Ga iyaka nan kusa, rabin iyayen yaran kullum suna ƙetarawa Najeriya, suna dawowa da kaya da naira da guntayen Ingilishi a baki. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙananan kalmomin nan da ke bin bayan kalmar aiki. Ɗauki "look". Ka bi ta da "at", kallo ne. Ka bi ta da "for", ya zama nema. Ka bi ta da "after", wai kula da yaro ko maras lafiya. Don Allah me ya haɗa kallo da reno? Littafin da gwamnati ta ba mu bai ce komai ba, ni ma sai nake tsallake wajen kamar mai tsallake kwata.

Wata rana wata ɗaliba, Mariyama, ta ɗaga hannu ta ce ta ji wani baƙo ya ce wa kawunta a kasuwa "put up with", me ake nufi? Na gyara tsayuwa, na fassara mata ɗaya bayan ɗaya: ajiye, sama, tare da. Na ce ai ɗora kaya ne a bisa kanta.

Ta ce, "Malam, kawuna ya ce haƙuri da mutum ne."

Sai can bayan aji wani ya tuntsire da dariya. Kun san abin da na yi? Na kore ta ta je ta share fili. Yarinya ta faɗi gaskiya, na ba ta tsintsiya. To, irin mutumin da ke ba ku labarin nan ke nan, gara ku sani tun yanzu.

Na koma gida ina huci, na yi ƙwallo da buta a tsakar gida. Matata Tanimun tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. Sai da na gama zazzage mata abin da ya faru ta ce, "Ai Baba ya iya wannan abin."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Tanimun ɗiyar Buzaye ce, daga wani ɗan ƙauye bayan Tsarnawa. Mahaifinta ya yi shekara ashirin da biyu yana gadi a Ibadan da Ikko, a ƙofar gidajen Turawa da manyan ma'aikata, sai a 1983 da aka kori baƙi ya dawo gida da butar shayi da jakar fata. Yana noman hatsi da wake, yana kiwon 'yan awaki. Bai taɓa taka lakwal ba, wato makarantar boko. Shi ne zai koya wa mai takardar Yamai Ingilishi?

Ko da ma na yarda, ta ina? Tsakanina da shi akwai kunya, kuma a wajensu abin ya fi namu tsanani. Tun da na auri ɗiyarsa ta fari ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In muka yi kiciɓis a hanya, sai ya ja amawalin rawaninsa har gindin ido, ni kuma in tuɓe takalmi in durƙusa in gai da ƙasa, shi ya amsa wa iska. Ba ya kiran sunana. In zai ambace ni wajen ɗiyarsa sai ya ce "mutumin gidanku". Ni ma Baba kawai nake cewa.

Tanimun ba ta yi gardama da ni ba. Ranar kasuwar Tsarnawa ta hau mota ta tafi, da la'asar ta dawo ta ajiye mini wani abu a kan tabarma, ta shige ɗaki. Littattafan rubutu ne guda uku irin na 'yan makaranta, an ɗinke su wuri ɗaya da zaren fata, suna warin hayaƙin gawayi. Na buɗe. Ajami ne, ƙanana ƙanana, babu ko gefen da aka bari.

Sai da na karanta da ƙarfi sannan kunnena ya gane abin da idona ya kasa. Ingilishi ne. Kowane layi magana ce da ya ji da kunnensa a bakin ƙofa, ya rubuta yadda ta shiga, ya sa ma'anarta da Hausa, ya kuma rubuta wanda ya faɗa da abin da ya faru. "Wi hab ran aut of shuga. Uwargida ta ce wa kuku ranar da sukari ya ƙare. Babu wanda ya yi gudu." Wani wajen: "Luk afta da cildirin. Maigida ya ce mini za su asibiti, in kula da yara." Wani kuma: "Da ka birok daun. Direba ya faɗa, mota ta mutu a hanya, ba ta karye ba, na je na gani." Har wanda Mariyama ta tambaye ni yana nan, da bayanin wata mata da ta gaji da surutun maƙwabcinta.

Na zauna a kan tabarmar nan har aka kira magariba. Na ƙirga sama da ɗari shida na gaji. Mutum yana zaune bakin ƙofa shekara ashirin da biyu, mutanen gida suna wucewa ta gabansa kamar turmi ne aka ajiye, ashe shi yana tsince duk abin da ya faɗo daga bakinsu.

Daga nan Tanimun ta zama gada. In na ci karo da abin da ya ɗaure mini kai, sai in maimaita mata har ta haddace, ta riƙe shi a baki har Tsarnawa, ba ta san ma'anarsa ba, ta sauke wa Baba, ta ɗauko amsa. Wani lokaci in mota ta yi wuya, a gaban motar siminti ta Malbaza take samun wuri, ta dawo gyalenta fari fat. Ita ce ta kawo mini bayanin da har yau ban ji wanda ya fi shi ba.

Ta ce, "Baba ya ce in faɗa wa mutumin gidanmu ya daina tsoron abin. Kalmar aiki raƙumi ce. 'Yar ƙaramar da ke bin ta akala ce, inda aka ja ta nan raƙumi zai nufa. Sunan da ke zuwa a ƙarshe shi ne kaya. Ya ce kar ka koya wa yara raƙumi shi kaɗai, ka ba su shi da akalarsa da kayansa, yadda ake faɗi a gida."

Washegari na shiga aji da raƙumi da akala. Kai! Yaran da ke barci suka farka. Cikin shekara biyu ajina ya fi kowane aji a jarrabawar Ingilishi, har iyaye 'yan kasuwa suka fara aiko mini da gaisuwa. Ban taɓa cewa ga inda na samo ba. Ba wanda ya tambaya, ni kuma ban ga dalilin tona kaina ba.

A 1986 shugaban makarantarmu ya ce in tattara darussan nan a yi ɗan littafi, a juya a injin makaranta a raba wa yara. Labari ya kai Tsarnawa. Tanimun ta dawo ranar da saƙo, ta zauna a gabana, abin da ba ta saba ba.

"Baba ya ce in roƙi mutumin gidanmu abu guda. In littafin ya fito, ko a can ƙarshe ne, ko da ƙananan baƙaƙe, a sa sunansa. Ya ce duk ƙofar da ya tsare, akwai allo a jikinta, kuma sunan mai gida ne a kai. Yana so jikokinsa su ga nasa a jikin wani abu, su san ba zaman banza ya yi ba."

Na ce, "Wannan ai ba sai an roƙa ba. A bango ma zan sa shi."

Kuma da zuciya ɗaya na faɗa, Allah ne shaida.

Ranar da na zauna gaban keken rubutu a buro, wato ofishin makaranta, zan buga bangon, sai ga Labo, malamin lissafi, abokin wasana, mutumin da bakinsa ba ya da linzami. Ya leƙa takardar da na rubuta da hannu, ya ga suna biyu.

"Wane ne wannan na biyun? Wani farfesa ne a Yamai?"

Na ce surukina ne.

"Wane surukin? Buzun nan maigadi?" Ya dafe ciki. "Lurwanu! Ashe duk Ingilishin nan da kake mana yanga da shi, a bakin ƙofa aka tsinto maka? To ai sai a ba shi ajin, kai ka koma ƙofa, ga kujera can!"

Malamai biyu da ke wajen suka yi dariya. Wasa ne, na san wasa ne, da ni da Labo mun faɗa wa juna abin da ya fi haka. Amma sai na ji dariyar nan ta bayan aji ta dawo mini sabuwa. Na ce, "Kai ma ka yarda? Tsokanarka nake." Na ninke takardar na sa aljihu. Na buga: Lurwanu Chindo, malamin Ingilishi. Na bar ƙasan fili. Na juya injin da hannuna, kwafi ɗari biyu, ina ji yana ƙara kamar ana niƙa.

Tanimun ta yi aji uku a lakwal, ta iya haɗa baƙi. Ta juya littafin gaba, ta juya baya, ta buɗe shafin ƙarshe. Sannan ta dube ni.

Na riga ta. Na ce, "Ke ma kin sani, ina ni ina rubuta sunan Baba? Da wane hannu? Yara su riƙa kiransa gatsal a aji, ina tsaye? Ai rashin kunya ne."

Ta ce, "Kunyar ba ta hana ka cinye littafinsa ba."

Na daka mata tsawa. Mai gaskiya ba ya irin tsawar da na yi ranar. Ta ɗauki kwafi ɗaya ta sa cikin kayanta, domin Baba yana jira. Ta je ta dawo, ba ta ce mini ga yadda suka yi ba, ni ma ban tambaya ba. Tambayoyina dai ta daina ɗauka. Ta ce ƙafarta ta gaji.

Littafin ya yi farin jini. Mai duba malamai ya zo daga Tawa, wani dattijo Malam Alhasan, ya zauna a ajina, ya ji raƙumi da akala, ya yi ta gyaɗa kai. Bayan an tashi ya ce, "Misalan nan naka suna da rai, kamar a cikin gida aka ji su. Ina ka samo?" Ga ƙofa Allah ya buɗe mini, babu Labo, babu kowa, daga ni sai shi. Na ce, "Rediyo, ranka ya daɗe, da yawan bincike." Ya ce a kai littafin makarantun Malbaza da Illela.

Bayan wata uku na hau babur ɗina zan je Malbaza in nuna wa malamai yadda ake aiki da shi. A Tsarnawa motocin siminti suka tare hanya, na tsaya. Ina waiwayawa sai na hango Baba a gindin wata bishiya, cikin dattawa huɗu ko biyar. Ya ciro littafin daga jakar fatarsa. Ya ɗora babban yatsansa a kan bango, daidai wajen sunan, yana nuna musu ɗaya bayan ɗaya, yana magana, suna gyaɗa kai. Ko ta bayan amawali ana gane mutum yana murmushi.

Nan take na ce a raina, shi ke nan, Tanimun ta rufa mini asiri. Ta ɗora masa yatsa a kan sunana ta ce masa nasa ne. Tsoho bai iya boko ba, ga shi yana yawo yana nuna wa duniya sunan wanda ya cuce shi, yana cewa ga nawa. Ban sauka na gaishe shi ba. Na sunkuyar da kai, na raɓa ta bayan mota na wuce, ƙurar siminti tana shiga mini ido.

Kuma ku ji inda lalacewar take. Abin ya dame ni, amma ya kuma kwantar mini da hankali. Na ce tun da yana murna, me ya rage? In na gyara yanzu ai tona ƙaryar ɗiyarsa zan yi. Aka sake juya littafin a 1988, aka sake a 1990. Kowane karo sai in ɗauko takardar nan mai suna biyu daga cikin akwatina, in dube ta, in mayar. Wani karon na ce takarda ta yi tsada, wani karon na ce bari a gama jarrabawa. Da aka shiga shekarun yajin aiki makarantu suka yi ta rufewa, har wani sanyi na ji, don na sami abin fakewa. Duk sallah kuwa zan je in durƙusa in gai da ƙasa, ya amsa wa iska, ya sa a kawo mini shayi da cuku, ya tashi ya ba ni wuri in sha. Shayin nan bai taɓa wuce mini maƙogwaro da daɗi ba.

Baba ya rasu da kaka, a 1992, bayan ya gama yankan hatsinsa. Zazzaɓi na kwana huɗu.

Muna zaman makoki a ƙofar gidansa, sai wani tsoho da ban sani ba ya miƙo mini hannu biyu. Ya ce, "Kai ne na bangon littafi?"

Na ce, "Na'am?"

"Mijin Tanimun. Ai mun san ka ba mu gan ka ba. Marigayi ya hana mu sakat da kai. Ko ina aka zauna sai ya ciro littafin nan ya ce, ku duba nan, mijin ɗiyata ne ya rubuta, har Illela ana karatu da shi. Mu ce to mi ne ne sunan nasa? Ya ce ku dai duba, ga shi nan. Ka san ba shi iya faɗi."

Sauran suka yi 'yar dariya irin ta makoki, suna ai kuwa, ai kuwa.

Bayan addu'ar bakwai muka koma Konni. Da hantsi, yara sun fita, Tanimun ta ɗauko jakar fatar ta ajiye a gabana, a kan tabarmar nan dai. Na ce mata, "Ashe ba ki ce masa sunansa ne ba?"

Ta ce, "Ni in yi wa ubana ƙarya saboda kai? Ranar da na kai masa ya ce in nuna masa inda nasa yake. Na ce babu. Ya ce ko a ƙarshe? Na ce ko a ƙarshe."

"Me ya ce?"

"Ya hura gawayi, ya dafa shayi, ya zuba, bai sha ba har ya huce. Can ya ce, to wannan na bango fa? Na ce naka ne. Ya ce in ɗora masa yatsa a kai. Ya ce uban jikokinsa ne, in an ga wannan ma an ga gidansa." Ta share ido da bakin gyale. "Ya ce kuma kar in kuskura in ɗaga maka maganar, malami ne kai, kana da abokan aiki, ya san yadda ake ji. Kowane karo in an ce an sake juyawa sai ya tambaye ni, wannan karon fa? In ce babu. Ya ce to."

Sau uku ke nan. Yana tambaya, yana jira, ni ina can ina lissafin tsadar takarda.

Na buɗe jakar. Littafin ya yi laushi kamar tsumma, gefensa ya sha shayi. A bango, inda na buga Lurwanu Chindo, babu komai. Tawadar ta tafi, takardar ta siɗe har ta huje, rami daidai faɗin babban yatsa. Na ce kunya ce ta hana ni rubuta sunansa, ƙarya nake, tsoron dariyar Labo ne. Shi kuwa kunyar gaske ta hana shi faɗin nawa, sai ya yi ta nunawa da yatsa shekara shida har ya goge shi.

Na yi kuka ranar, irin wanda ba ya rage komai. Tanimun ba ta rarrashe ni ba, kuma ban ga laifinta ba.

Da aka buɗe makarantu na sake buga bangon da suna ɗaya, ba nawa ba. Kwafi arba'in aka samu aka juya, kafin a kawo sababbin littattafai daga Yamai a ajiye namu a kwali. Labo ya gani ya ce, "Wane ne wannan?" Ya manta sarai. Abin da na sayar da mutum saboda shi, mai shi ko tunawa bai yi ba.

Na nemi gafarar Allah, ina kuma nema. Wanda na zalunta kuwa, ya yafe tun ban roƙa ba, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo. Jikokinsa sun girma, suna kiransa Baba maigadi. To ga shi, da hannuna, ba a ƙarshen shafi da ƙananan baƙaƙe ba.

Sunansa Alkasum ɗan Illo. Shi ya rubuta littafin. Ni inji kawai na juya.